Kafin a Cire Haƙoran Baba

Na shiga ƙungiyar badujala ta cocinmu a Bukan Sidi, cikin garin Lafia, ina da 'ya'ya uku da rumfar agushi a kasuwa. Kafin nan ban taɓa riƙe ƙaho ba. Abin da na sani shi ne waƙa a zumuntar mata, inda nake tsayawa a layin baya saboda tsawona. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, ina gyara ɗaurin ɗankwali a bakin ƙofa, sai tsohon da ke shugabantar 'yan badujala ya tare ni. Kowa Baba yake ce masa, har Fasto.

"Kai, zo nan," ya ce. Baba mutumin Eggon ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. "Na ji yadda ka ja baitin ƙarshe. Sauran mata duk sun tsaya shan iska, kai ba ka tsaya ba. Wannan huhun ya fi ƙarfin waƙa kawai. Ka zo ranar Alhamis."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, ni da girmana? Me mutane za su ce?"

"Za su ce ka iya, in ka iya."

Da na gaya wa maigidana, cewa ya yi in je mana, in dai ba a cikin ɗakinsa zan riƙa gwaji ba.

Baba ya yi shekaru yana busa a badujalar 'yan sanda kafin ya yi ritaya. Ƙahonsa ƙarami ne, mai siririyar murya, shi ke jan waƙa sauran su bi. Ni kuwa sai ya ba ni wani mai faɗin baki da ake rungumewa a ƙirji kamar jariri, muryarsa a tsakiya take, ba ta kai ta babban ƙaho kauri ba. Kayan namu duk tsofaffi ne. Wani ya lotse, wani an kai shi wurin mai walda ya fi a ƙirga, nawa kuma da robar tayar keke aka ɗaure wani gefensa. Da toka da lemun tsami muke goge su duk jajiberin Kirsimeti har su yi ƙyalli. Watannin farko, in na busa sai ka ce saniya ce aka raba da ɗanta. Leɓena ya kumbura, abokan cinikina a kasuwa suna tambaya ko zuma ce ta harbe ni. Amma Baba bai taɓa yi mini tsawa ba. Sai dai ya ɗora hannu a cikinsa ya ce, "Daga nan iska yake fitowa, ba daga kumatu ba."

Babu ko waƙa ɗaya tamu da take a rubuce. A kan Baba duk suke. Zai rera wa kowa nasa rabon da baki, ka bi shi har ya zauna maka. Cocinmu kuwa taron yare ne, akwai Eggon, akwai Tibi, akwai Migili da Alago, Hausa ce ke haɗa mu. Baba yakan zauna da tsofaffin mata su rera masa waƙoƙin yabo na yarensu, ya tafi gida da su a kunne, mako mai zuwa ya dawo ya raba mana. Ranar da muka fara busa wata ta Tibi lokacin baiko, wato sa'ad da ake tara sadaka a coci, wata tsohuwa da ba ta cika magana da kowa ba ta miƙe ta fito tsakiya tana rawa tana share hawaye da bakin zane.

Na yi wasu shekaru a cikinsu, har an daina kallona in mun fito jerin gwano, sai muka lura Baba ya canza. In an gama waƙa sai ya juya baya ya dafe baki. Muryoyin nan na can sama da yake hawa kamar wasa, ya fara kauce musu. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa. Babbar 'yarsa ce ta zo ta same mu wata Alhamis, ta faki lokacin da ya zaga bayan coci.

"Don Allah ku taya ni yi masa magana," ta ce. "Haƙoransa biyu na gaba, na sama, sun lalace har cikin dasashi. Likita ya ce dole a cire, in ba haka ba ciwon zai ci gaba. Shi kuma ya ce sai dai a cire bayan ya mutu. Ko tuwo da ƙyar yake ci."

Duk mai busa ya san a kan waɗannan haƙoran bakin ƙaho yake zama. In babu su, ƙaramin ƙaho irin na Baba ya gama.

Mai buga mana babbar ganga malamin sakandare ne, Ticha muke ce masa. Shi ne ya kawo shawara. Da Baba ya dawo ya zauna, Ticha ya ce, "Baba, muna so mu naɗi waƙoƙinmu. A ɗauke su yadda kake busa su yanzu, ko jikokinmu su ji."

Baba ya dubi 'yarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wato kun haɗa baki."

"Mun haɗa," in ji Ticha.

Ya daɗe yana juya ƙahon a hannunsa. Can ya ce, "To. In an naɗa na ji da kunnena ya yi, sai a cire."

Dattawan ikkilisiya suka amince, zumuntar mata ta sa hannu, aka nemo wani mai situdiyo a unguwar Akurba. Musulmi ne, iyayensa daga arewa suka zo fatauci suka zauna, a Lafia aka haife shi. Mawaƙan Hausa yake wa aiki da masu talla, har da wasu masu waƙar bishara. Mutum ne mai fara'a, amma da ya ga mun sauko daga keke napep da ganguna da ƙahoni, sai fara'ar ta ragu. Ɗakin nasa ɗan ƙarami ne, an manne bangon da soso, mutum uku in sun shiga sai sun yi haƙuri da juna.

"Baba, ba damuwa," ya ce. "Yadda muke yi, ɗaya-ɗaya za ku shiga. Kowa ya busa nasa, ni zan haɗa a kwamfuta."

"Ɗaya-ɗaya?" in ji Baba. "Ni kaɗai zan yi waƙan?"

"Zan sa maka wani ɗan ƙara a kunne da zai riƙe maka lokaci. Shi za ka bi."

Aka fara da Baba. Aka kifa masa abin ji a kunnuwa, aka rufe ƙofa, muna leƙensa ta gilashi. Ya busa rabin waƙa ya tsaya, ya cire abin ya ce wannan ƙwas-ƙwas ɗin ba ya numfashi, shi kuma yana numfashi. Aka sake, aka kuma sakewa. Ticha ya shiga da gangarsa, bugu ɗaya ya yi mai situdiyo ya zabura ya dafe kunne. Da aka zo kaina, aka rufe ni ni kaɗai da makirfo a gabana, sai na nemi rabona na waƙar na rasa. Waƙar da nake busawa duk Lahadi ido rufe. Ashe ban taɓa sanin rabon nawa shi kaɗai ba. Jiran babban ƙaho nake yi ya sauko, in ji mai ƙaramar ganga a bayana, in ga kafaɗar Baba ta ɗaga, sannan in shiga. Babu su, ban san ƙofar shiga ba.

Muka yini a nan. Da yamma mai situdiyo ya haɗa abin da ya samu ya kunna mana. Kowa ya sunkuyar da kai. Ba za a ce kuskure ne ba, amma kamar baƙi ne suka haɗu a tasha kowa na nasa surutu. Baba ya sa ƙahonsa a jaka. A hanyar komawa na ga yana tofar da yawu ta gefen keke, da ja a ciki.

Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Amma Lahadin da ta biyo, muna cikin busa waƙar fita, na hango mai situdiyo ta taga, tsaye a gindin mangwaro kusa da babur ɗinsa, ya harɗe hannu. Bai tafi ba sai da aka watse. Ya zo ya durƙusa ya gaishe da Baba.

"Baba, ban ji daɗin yadda muka rabu ba, shi ya sa na zo in ji ku a inda kuka saba. Abin da na ji yanzu daban yake da na ɗakina. Ku bari in kwaso kayana in zo nan. Ku busa tare, ni zan san yadda zan yi da makirfo."

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Yanzu ka zo, ɗana."

Sai dai ya gindaya mana sharuɗɗa. Ba fanka, domin makirfo zai ɗauki ƙararta. Tagogi a rufe. Janareto can nesa da doguwar waya. Sannan ya nuna bayan coci da yatsa ya ce, "Wancan injin fa?"

Injin niƙan wata Hajiya ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mu mun saba da shi har ba ma jin sa. Asabar kuwa, ranar da muka tsayar, ita ce ranar da mata suka fi kawo mata niƙa. Da yake ita ke niƙa mini agushi, aka ce ni zan je. Na same ta tana kakkaɓe gari daga hannu, na yi mata bayani ina jin nauyi.

"Tsohon nan mai busa ne za a cire wa haƙora?" ta ce. "Allah sarki. Shekara nawa ina jin sa ta katanga. Ki je, zan gaya wa mata su kawo ranar Juma'a da yamma, ko su bari sai bayan azahar. Amma ku sa wannan da kuke yi in kun fito zagayen Kirsimeti, mai saurin nan. In kuna yin ta ko aiki ya fi yi mini sauri."

Ranar Asabar muka hallara da sassafe. Mai situdiyo ya ture bencina gefe, ya jera mu kamar rabin da'ira, ya kai Ticha da gangarsa can ƙurya, ya rataya zannuwan da matan zumunta suka kawo a jikin bango don rage amsa-kuwwa. Fasto ya yi addu'a, aka rufe tagogi. Wanda ya san zafin Lafia a ƙarƙashin rufin kwano ya san abin da muka shiga. Kafin mu gama waƙa ta biyu rigata ta manne a bayana, ƙahon yana zamewa a hannu. Wani zakara ya ɓata mana waƙa guda, ya zo daidai taga ya yi cara a wurin da muka yi shiru. Muka fashe da dariya, har mai situdiyo, aka aika a kore shi.

Amma busa ta yi. Tun daga waƙar farko na san ta yi. Baba yana tsaye a tsakiya, idonsa a rufe, muryar ƙahonsa tana tafiya a samanmu tsaf kamar shekarun baya. Muka yi ta Eggon, muka yi ta Tibi, muka yi mai saurin da Hajiya ta roƙa. Bayan kowace waƙa sai ya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi da 'yarsa ta kawo a fulas, ya tofar a wani gwangwani, ya rufe da ƙafa kada mu gani.

Saura guda ɗaya, wadda ya bari ta zama ta ƙarshe. Waƙa ce mai sanyi da muke busawa ranar Juma'a Mai Kyau da wurin jana'iza. A tsakiyarta kowa yakan sassauta, ƙahon Baba shi kaɗai ya hau sama ya riƙe murya mai tsawo. Muka fara lafiya. Da ya zo hawan, sai muryar ta tsage. Ya ɗaga hannu muka tsaya. Aka sake, ta kuma tsagewa a wuri guda. Da ya sauke ƙahon na ga jini a bakin ƙarfen.

'Yarsa ta taso. "Baba, ya isa haka."

Mai situdiyo ya ce, "Baba, waɗanda muka samu ma sun isa faifai. Ko ka huta mu dawo wata rana."

"Wata rana bakin ba zai fi haka ba," in ji Baba. Ya goge leɓe da hankici, ya juyo ya dube ni. "Kai za ka ɗauka."

"Ni? Baba, wannan wurinka ne. Nawa ƙahon ma ba ya hawa can."

"Ba sai ya hau ba. Ka busa shi a ƙasa, a muryanka. Ka san shi, kullum ina ganin yatsunka suna bi na. Ni zan bi ka a hankali daga baya."

Tsoro ya kama ni. Akwai maza a wurin da suka riga ni shiga ƙungiyar da shekaru. Na dubi Ticha, ya gyaɗa mini kai. Mai babban ƙaho, wani manomin doya da ba ya yawan magana, ya ce, "Anti, busa kawai. Muna nan."

Mai situdiyo ya matso da makirfo gabana. Aka fara. Da muka iso wurin, sauran suka sassauta, na ja iska har cikin cikina na shiga. Da farko muryata ta yi rawa. Sai na ji ƙahon Baba a gefena, ƙasa-ƙasa, yana tafe da ni, ba ya gaba ba ya baya. Daga nan tsoron ya sake ni. Na tuna mahaifiyata a garinmu Assakio, yadda take rera waƙar nan da Alago tana ɓarar agushi a tsakar gida, na bi ta yadda take jan ta. Na riƙe muryar ƙarshe har sai da na ji babbar ganga ta shigo a hankali, sauran suka biyo.

Da muka gama ba wanda ya motsa, saboda an ce mu jira alama. Mai situdiyo ya ɗaga hannu, ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke sai ya ce, "Wannan ba za mu sake ba." Matan zumunta da ke zaune a baya suka saki guɗa. Baba ya zauna a benci, ya ce a buɗe tagogi kafin mu dahu. Ana buɗewa muka ji kiran sallar azahar. Mai situdiyo ya nemi ruwa ya tafi masallacin bakin titi, matan suka ajiye masa nasa kwanon shinkafa a rufe. Ba a jima ba injin Hajiya ya tashi.

Bayan ya gama gyare-gyarensa, ya kawo mana aikin da kansa wata Alhamis, ya kunna a lasifikar coci. Ban taɓa jin kanmu daga waje ba. Kullum a tsakiyar ƙarar nake, rabona kawai nake ji da na maƙwabcina. Ranar na ji yadda Baba ya saƙa mu, yadda wannan ke miƙa wa wancan. Baba ya saurara daga farko har ƙarshe, haɓarsa a kan sanda. Da aka gama ya ce, "Mai ƙaramin ganga ya yi gaggawa a na uku." Ya ɗago haɓarsa daga kan sandan. "Amma ya yi. Ku gaya wa likita ina zuwa."

Aka cire haƙoran. Ya yi makonni ba ya zuwa, da ya dawo kuma yana rufe baki da hannu in zai yi dariya. Amma ya murmure, kumatunsa suka ciko, 'yarsa ta ce har nama yake nema. Daga baya aka sa masa na roba. Ya gwada ƙaramin ƙahon nasa, muryar ta fito amma ba ta hawa. Da kansa ya miƙa shi ga wani magini da ya daɗe yana busa a bayansa, shi kuma ya riƙe sandan ba da alama yana tsayawa a gabanmu. In abin ya motsa masa, yakan ari ƙaho irin nawa, mai faɗin baki wanda ba ya danne haƙori sosai, ya zauna kusa da ni mu busa tare.

Waƙoƙin kuwa suka kama hanyarsu. An buga 'yan fayafayai don tsofaffi, amma yawanci ta waya suka yaɗu, wannan ya tura wa wancan. Wata rana ina auna wa wata mata agushi sai na ji mu muna fitowa daga shagon mai cajin waya. Na tsaya da mudu a hannu har matar ta ce, "Madam, lafiya?" Na ce lafiya lau, ni ce nake busa a ciki. Ta dube ni sama da ƙasa ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Abin da ba mu zata ba shi ne masu zuwa koyo. Matasan da a da suke cewa badujala kiɗan tsofaffi ne, su jita da piyano suke so, sai ga su ranar Alhamis suna tambaya ko akwai ƙahon da ba kowa. Cikinsu har da 'yan mata huɗu da wata matar aure mai sayar da kifi. Kayan ba su isa ba, karɓa-karɓa suke yi, kowa da tsummansa na goge bakin ƙarfe. Baba ya ce ni zan riƙa fara musu. Na ce ban san yadda ake koyarwa ba, ya ce shi ma bai sani ba lokacin da ya fara.

A damunar bara wata coci a Assakio ta gayyace mu bikin godiyar girbi da za su yi in an kwashe amfanin gona, saboda sun ji faifan. Da lokacin ya yi muka tafi a bayan wata motar doya, sababbi da tsofaffi, Baba a gaba kusa da direba. Mahaifiyata ta tsufa sosai, ba ta taɓa ganina da ƙaho ba. Aka kawo mata kujera gaba. Da muka gama ta sa aka kira ni, ta shafa ƙahon da hannunta, ta tambaya ko ba ya da nauyi. Na ce yana da shi, amma an saba. Ta ce akwai wata waƙar Alago da kakata take yi wadda ba ta ji a cikin namu ba. Na kira Baba, ya jawo benci ya zauna kusa da ita, ya karkata kunne, ta fara rera masa.